Kabejin Ba-Ragi Mai Huji

A layin masu kayan lambu Ba-Ragi ake ce mata, domin in ta yanka farashi ko uwarta ce ta zo sai dai ta haƙura. Shekara goma sha huɗu ta yi a kan teburi ɗaya, na kusa da famfo, tana sayar da kabeji da latas da tumatir da mijinta ke nomawa a bakin rafi.

Mijin nata a da mutum ne mai son feshin maganin ƙwari. Duk mako sai ya goya tanki, ƙwari sun zo ko ba su zo ba. Wata rana da hantsi aka tsince shi kife a kan kunya yana amai, idanu jajur. Kwana tara ya yi a asibiti, ya fito da rawar hannun da har yau ba ta sake shi ba. Daga nan ya bi shawarar malamin gona. Ya kafa tarkuna masu danƙo a tsakanin kunyoyi, yana jiƙa ganyen darbejiya yana yayyafawa, kullum da safe yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya yana tsince tsutsa. Maganin kanti kuwa sai ƙwari sun fi ƙarfinsa, shi ma ɗan kaɗan, kuma ba ya girbi sai kwanakin da aka ɗibar wa maganin sun cika.

Aiki ya ninka, kabeji kuma ya fito da 'yan huji-huji a ganyen waje.

Ba-Ragi ta ɗauka abin alfahari ta kawo kasuwa. Duk wanda ya tsaya sai ta yi masa bayani har bakinta ya bushe. Su gyaɗa kai, su yi wa maigida fatan lafiya, su juya kabejin su ga huji, sai su zarce teburin maƙwabcinta Mai Sheƙi. Shi kuwa kowa a layin ya san ana gobe girbi ake yi wa kayansa feshi. Ko ƙuda ba ya sauka a kansu.

Wadda ta fi ƙona mata rai wata malamar makaranta ce, da ta shekara da shekaru tana tsayawa gaban teburin tana kukan manoma sun cika wa jama'a ciki da guba. Ba-Ragi ta zaɓo kabeji mafi girma ta miƙa mata, ta ce ga abin da take nema ya samu. Malama ta ɗaga ganye, ta ga wata 'yar koriyar tsutsa, ta saki kabejin kamar ta taɓa wuta.

"Haba Yaya, wannan ai ƙazanta ce. Ni mai ƙananan yara?"

"Kabejin da tsutsa ta ci ta rayu kike gudu, za ki wurin wanda ta ci ta mutu?"

Malama ta ce tunda kayan sun lalace, in za a rage mata sai ta taimaka ta ɗauka. Taimako! Ba-Ragi ta karɓe kabejinta, tana kallo matar ta cika jaka a wurin Mai Sheƙi.

Mako uku tana komawa gida da kwando a cike. Ranar da mijin ya ce ko dai ya sauko da tankin ne, tunda masu saye shi suke so, ta ce in ya taɓa shi, da shi za ta rotsa masa kai tun kafin magani ya ƙarasa shi. Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Sai ta canza dabara. Kafin ta fito kasuwa takan zauna a tsakar gida da wuƙa, ta ɓare ganyen waje har sai kabeji ya yi sumul, akuyar maƙwabta ta samu rabonta. Bayani kuwa ta daina. Kabejin ya ƙanƙance, amma masu saye suka dawo, har da Malama, wadda ta ɗauki uku ta ce bana dai maigida ya dace da magani mai ƙarfi.

Ba-Ragi ta buɗe baki, ta tuna da kwandon da ta yi ta mayarwa gida a cike, ta rufe. Ta ja bakin ledar da ta zuba wa Malama kayan da ƙarfi har ta yage, kabeji ɗaya ya gangara cikin kwatar famfo. Malama ta ce a canza mata shi.