Ranar Da Yaya Sahabi Ya Hana Jirgin Baba Tashi

Shekara talatin ke nan da muka kai Yaya Sahabi makwancinsa. Ni da nake ƙanensa yanzu na girme shi nesa ba kusa ba, haƙora sun zube, gwiwa ta ƙi, amma har gobe in na ji ƙugin jirgi ya ratsa saman Ƙofar Marke sai na ɗaga kai, kuma shi ke faɗo mini a rai. Bana abin ya fi taɓa ni. Kwanan baya na raka jikata filin jirgi, aka ce jirginsu ya sami matsala, sai an gyara. Ka ga manyan mutane cikin manyan riguna suna ta kumfar baki, wani har yana cewa, "Haba, a lallaba mu tafi mana!" Na zauna ina kallonsu, na ce a raina, kayya, ina ma Yaya na nan ya ji wannan magana.

Mu gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinmu, Malam Altine, mahauci ne kuma dillalin shanu, amma abin da unguwa ta fi saninsa da shi duba ragon layya. Da Babbar Sallah ta matso zaurenmu kan cika da raguna. Baba zai buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya ja kunne, ya ɗaga ƙafa ya leƙa kofato, ya kaɗa hannu a gaban kowane ido, sannan ya ce a ja shi ya ga tafiyarsa. In ya ga aibi zai faɗa, ko ragon wane ne, ko da kuwa jajibirin Sallah ne kasuwa ta watse. Na sha ganin attajiri ya fita daga zauren nan yana huci da igiya a hannu, Baba ko a jikinsa. A gabansa muka tashi, ni da Yaya, muna riƙe masa ƙafafun raguna.

Ni na gaji wuƙa. Yaya kuwa lokacin yaƙin duniya na biyu aka ɗauke shi soja, aka haɗa shi da masu gyaran jiragen sama, ya dawo da akwatin sufanu da wani irin shiru da ba mu san shi da shi ba. Turawa suka ba shi aiki a filin jirgin Sakkwato. Kada mai karatu ya hango filin yau. Fili ne kawai da aka share, da ɗaki guda na kwano, da wata jakar ƙyalle a kan doguwar sanda mai nuna inda iska ta dosa. Kafin jirgi ya sauka sai an kori jakuna da awaki. Ƙaramin jirgi ne ke zuwa daga Kano jefi-jefi, Yaya ne mai zuba masa mai, ya zagaya shi, ya duba abin da aka ce ya duba. Baba bai so aikin ba. Yakan toshe hanci in Yaya ya shigo gaisuwa, ya ce ɗan mahauci ne yau ke warin kananzir.

A shekarar da nake magana Baba ya yi niyyar hajji. Ya tsufa, ƙafarsa na kumbura, ya san hanyar ƙasa da magabata suka bi ta fi ƙarfinsa. Sai ga shi an fara kwasar alhazai ta sama daga Kano. Ya sayar da shanun da ya daɗe yana kiwo, ya sayi harami, ya bi gida-gida yana neman gafara. Hajjin ya faɗo tsakiyar damina, hanyar mota ta lalace, don haka aka shirya ya hau ƙaramin jirgin nan zuwa Kano ya riski na alhazai. Tun kafin ya tashi mutane suka fara kiransa Alhaji. Yakan ce, "Ku bari sai na dawo," amma kana ganin fuskarsa ka san sunan ya yi masa daɗi.

Ranar tafiya rabin unguwa ta raka shi, har da dangin Inna daga Dundaye. Jirgi ya sauka lafiya da hantsi. Ana cikin sallama sai aka kawo wa matuƙin, wani dogon Bature, saƙon waya daga manyansu. Ashe an ga tsaga a jikin wani jirgi irin wannan a wani wuri, a ƙarfen da ke riƙe fiffike da gangar jirgi. Umarnin ba shi da kwana-kwana: duk jirgi irinsa, a inda yake, a buɗe wurin a duba kafin ya ɗauki kowa. In an ga tsaga, ba tashi sai an kawo sabon ƙarfe. Baturen ya miƙa wa Yaya aikin, don aikinsa ne, ya koma inuwa ya zauna.

Ina tsaye kusa riƙe da kayan Baba, don haka na ga komai. Yaya ya hau kan duro, ya kwance murfin da ke ƙarƙashin fiffiken. Ya jiƙa ƙarfen da kananzir, ya bari ya sha, ya goge tas, sannan ya shafe shi da alli ya tsaya yana jira. Daga baya ne ya bayyana mini hikimar: in akwai tsaga, kananzirin da ya maƙale a ciki zai tsattsafo ya zana kansa a jikin allin. Na ga ya kafa wa wurin ido. Ya goge, ya sake daga farko. Da ya sauko ya kira ni da hannu, na hau na leƙa. Wallahi ɗan layi ne siriri kamar gashin jelar saniya, bai kai tsawon farce ba. Da ya ɗora babban yatsa a kai ya murza, shi ke nan, babu mahalukin da zai sani.

Wurin Baturen ya fara zuwa. Shi ma ya hau ya gani, ya cire hularsa, ya girgiza kai. Sannan Yaya ya zo gaban Baba ya durƙusa a cikin taron nan, hannunsa fari fat da alli.

"Baba, jirgin ga ba shi tashi yau. Ƙarhen ya tsage."

Kafin Baba ya buɗe baki ƙanensa, Baffa Mode, ya taso. "Kai Sahabi, mi kake hwaɗi? Wanga jirgi ba shi ne ya taho daga Kano yanzu-yanzu lahiya lau ba? Da tsagar ya taho, da ita shi koma! In ma ajali ne, wanda ya cika bisa hanyar Makka ai ya dace. Ubanka ne hwa!"

Yaya bai ɗago kai ba. Ya ce, "Baffa, akwai waɗanda ba Makka za su ba a cikinai. Kuma ko Baba ɗai ne, na gani. Ba ni iya cewa ban gani ba."

Baba ya dube shi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juyo gare ni kawai ya ce, "Bube, ɗauko kaya."

Sabon ƙarfen sai an aiko daga nesa, ba wanda ya san ranar. Muka bi mota, ni da Baba. Ruwa ya tsare mu a hanya, aka rufe shingen hanya aka hana motoci wucewa, muka yi kwanaki a gindin wata gada da ta karye, Baba na zaune bisa buhun gero ƙafa ta yi suntum. Da ƙyar muka kai Gusau muka hau jirgin ƙasa. Ranar da muka isa Kano aka ce mana jirgin alhazai na ƙarshe ya riga ya tashi. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, kuma bai ɓoye su ba. Haka muka juyo gida.

Abin da ya fi ciwo shi ne ƙaramin jirgin nan bai taɓa faɗuwa ba, balle a ce ga hujja. An kawo ƙarfe, Yaya ya ɗaura, jirgi ya tashi abinsa. Sai gari ya ɗauka. A mahauta ana cewa ɗan Altine ya fi tsoron takardar Nasara a kan fushin ubansa. 'Yan tsokana suka laƙaba wa Baba "Alhajin filin jirgi", suna faɗa a bayan idonsa, wani lokaci ma ba a bayan ba. Kullum da safe Yaya zai zo ya durƙusa a ƙofar zaure. Baba zai ce "lahiya", ya ci gaba da jan carbi. Albarkar da yakan sa masa kowace safiya tun yana yaro ta ɗauke ɗif. Yaya ya rame har wuyansa ya fito. Inna ta yi kuka ta gaji.

Ranar jajibirin Sallah, ranar da ya kamata a ce Baba na tsaye a Arfa, zaure ya cika da raguna kamar kullum. Ya gama da na mutane, saura namu, wani farin rago ƙosasshe da shi da kansa ya sayo. Yaya na rakuɓe a bakin ƙofa. Ba tare da ya kalle shi ba Baba ya ce, "Sahabi, taho duba mani wanga."

Yaya ya buɗe bakin ragon, ya ja kunne, ya leƙa kofato. Ya kaɗa hannu a idon dama, rago ya ƙifta. Ya kaɗa a na hagu. Ya sake kaɗawa. Na ce a raina, ya Rabbi, kada dai a kuma. Ina roƙonsa da ido ya yi shiru, ko na yau kaɗai. Ya saki ragon ya ce, "Baba, idon hagu ba shi gani."

Baba ya miƙe da sandarsa, ya zo ya gwada da kansa. Ya ce, "Bube, kwance shi, ka nemo wani." Sannan ya dafa kan Yaya, babban mutum mai mata da 'ya'ya, ya ce, "Ni na koya maka, ba Nasara ba. Allah shi yi maka albarka." Yaya ya kifa kai a gwiwar Baba yana kuka kamar yaro. Har yau ban sani ba ko Baba ya san da idon nan tun a kasuwa, ko kuwa baƙin ciki ne ya rufe masa nasa idon ya saya bai duba ba. Ban tambaye shi ba, kuma bai ba ni lokaci ba. Kafin zagayowar hajjin baɗi ya rasu. Da haramin da ya saya aka yi masa likkafani.

In na dubi yau, nakan rasa inda zan sa Yaya. Kai motarka gareji, a ɗaure maka abin da ya karye da roba a ce "zai kai ka". Direba ya san birkinsa ba ya ci, ya cika mota da mutane ya ce Allah ya kiyaye, kamar Allah bai ba shi ido ba. Mu ma mahauta ba a bar mu a baya ba, na ga naman da ake sayarwa yanzu da Baba ba zai bai wa kare ba. Na tabbata da Yaya zai sha mamakin manyan jiragen nan da na'urorin da aka ce suna leƙa cikin ƙarfe, zai tsaya ya yi ta tambaya kamar ɗan makaranta. Amma na san tambayar da zai ƙare da ita: in na'urar ta nuna, akwai mai faɗa? Shi ya sa ranar nan a filin jirgi, da masu manyan riguna ke zagi, ni addu'a na yi wa yaron da ban sani ba, wanda ya leƙa ya gani ya ce a'a. Wataƙila shi ma yana da wanda zai yi fushi da shi a gida.

Yaya bai bar dukiya ba. Akwatin sufanunsa na wurin ɗansa, sun yi tsatsa. Abin da ya bari shi ne a gidanmu har yau ba a kai rago layya sai an kaɗa masa hannu a ido, kuma ba a jin haushin wanda ya ce akwai aibi. Ina alfahari da shi, kuma ina kewarsa ƙwarai.

A ciwonsa na ajali ina zaune a gefensa, na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce, Yaya, ka taɓa yin da-na-sani a kan jirgin nan? Ya juyo da kai ya dube ni. Sai ya ce, "Bube, ba ranar Arfa da ta wuce ban ga Baba zaune cikin zaure ba. Ni na zaunar da shi." Ya numfasa, ya dubi tafin hannunsa. "Amma ƙarhen ya tsage."

Allah ya jiƙan Yaya Sahabi, ya jiƙan Malam Altine, ya ba shi ladan hajjin da ya yi niyya.