Sanduna Biyun Yaya Tabawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Tabawa. Ta tafi ne a shekarar da muka tashi daga unguwar Shisha zuwa Ka'akiyya, bayan auren autana, kafin gwiwata ta fara ciwo. Ni ban yi makaranta ba, jikata ke rubuta wannan, kuma na hana ta gyara mini magana.

Mu matan Hausawan Makka, in biki ya tashi, aron kaya muke yi, don haka kowacce da alamarta a gindin tukunya. Wata jan farce, wata ɗigon fenti. Ta Yaya sanduna biyu ce a tsaye, an karce da ƙusa. Takan ce a mafarki aka nuna mata. Ta sa a tukwane, ta sa a ludayi, har faifan tuwo bai tsira ba. Babbar siniyarta, wato farantinta na tagulla, wadda ke ɗaukar rago guda da shinkafarsa, ita ta bar mini gado.

Watan jiya ɗiyar Zubaida, Ba'indiyar da muka yi maƙwabtaka da ita a Shisha, ta zo gaishe ni. Ta kifa siniyar, ta duba gindinta.

"Hala," in ji ta, haka ake kiran inna a nan, "ai wannan ta mamana ce."

"Ke, kama bakinki! Ga sandunan Yaya nan."

Ta ciro waya ta latsa, sai ga sandunan a gilashi, tsaye ƙyam. Wai alamar ƙarshen zance ce a rubutun kakanninsu tun zamanin da, uwarta kuma da ita take shaida kayanta. Wai har lamba aka yanka wa sandunan, yadda kowace waya a duniya za ta gane su. Ni da na yi shekaru ina bin layi kafin in samu lambar iƙama, takardar zaman ƙasa!

Ashe aro Yaya ta yi, ta riƙe siniya, ta haɗa da alamar. Da tana raye, na san ba za ta ji kunya ba. Cewa za ta yi masu wayar sun saci fasaharta, a kira mata su.

Allah Ya jiƙan Yaya. Babu gidan Bahaushe a Shisha da bai ci abinci a siniyar nan ba, kuma ba ta taɓa tambayar mai ci daga ina yake ba.

Cikin matan wancan layi saura mu biyu, ni da Zubaida. Ita ta san gaskiya, amma tsufa ya sa ba ta gane kowa. Ni kuwa ina gane kowa sarai, siniya ce dai ba zan bayar ba.