Takobin Bahago a Bangon Fada

A fadar Nineba kowa da abin da yake sassaƙawa a jikin dutse. Ni gemu ne aikina, na yi ta nannaɗa gemun mayaƙa har idona ya fara mutuwa. Ahi-nuri kuwa makamai aka ba shi: baka, kwari, da kuben takobi mai kawunan zakuna. Mutum ne marar hayaniya, burodin sha'ir da albasa sun ishe shi wuni. Nakan tsokane shi, “Mai makaman gari, ko ɓera ka taɓa kashewa?” Sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Ɗansa tilo, Silim-Adad, ya tafi yaƙin ƙasar Elam bai dawo ba. Ko gawa ba a kawo ba. Abin haushi, yaƙin nan aka ce mu sassaƙa a sabon zaure. A ƙa'idar aikinmu kuwa mayaƙan sarki duk fuska ɗaya gare su, kuma ba a nuna ko ɗaya ya faɗi. Wato a bango babu wanda ya mutu, babu kuma ɗan kowa.

Ahi-nuri ya ƙudurta sai yaronsa ya shiga bangon nan. Fuska ba huruminsa ba ce, amma Silim-Adad bahago ne. Sai ya zaɓi mayaƙi guda a tsakiyar sahu, ya rataya masa takobi a kwiɓin dama kamar yadda bahago ke yi, ya zuba wa kuben ado irin wanda ban taɓa gani ba.

Na ce, “Ɗan'uwa, za ka ja mana.”

Ya ce, “Kai dai gyara masa gemu.” Na gyara, raina duk a jagule.

Shugaban aiki, Kisir-Nabu, mai idon tsiya, ya zo dubawa ya tsaya cak.

“Wane ne ke rataya takobi a dama?”

“Ɗana ne, ranka ya daɗe.”

Kisir-Nabu ya matso kusa da shi. Ya sassauta murya. “Baba, in sarki ya gani, da ni da kai duka mun shiga uku. Kankare.”

Da hannunsa Ahi-nuri ya kankare, ina gefe ina kallo. Dutse kuma in an cire ba a mayarwa, sai mayaƙin ya tsaya babu takobi, da ɗan rami a kwiɓi.

Da za mu tashi na ce masa ya yi haƙuri. Ya waiwaya ya dubi bangon.

“Bar shi haka,” ya ce. “Da sai na matso kusa nake gane shi. Yanzu tun daga bakin ƙofa nake hango yarona.”