Baƙon Aljihu

Wani ɗan kacau-kacau na ji lokacin da na ɗaga wandon makarantar Mustafa zan tsoma a ruwan sabulu. Na sa hannu a aljihu, sai ga kwalin ashana, saura 'yan tsinkaye a ciki. A ƙarƙashinsa akwai guntun sigari, an kashe shi da kyau an naɗe a takardar littafi, kamar abin da ake tattali. Mustafa ɗana ne na fari, shekararsa goma sha huɗu a lokacin. Shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shiga gidaje, har na miƙa hannu zan kira babansa, wanda ke hanyar kudu da motar dankali, sai na fasa. Na san abin da zai ce: "Ajiye mini shi sai na dawo." Na kuma san ƙarshen wannan ajiya bulala ce.

Na zauna a kan kujerar tsugunno a tsakar gidanmu na unguwar Gangare a Jos, hannuna duk kumfa, ina ta maimaita innalillahi. Na san inda hanyar nan take bi, don ina ganin yaran layinmu. Daga sigari sai sholisho a tsumma, sai kwalbar maganin tari, wasu har muguwar giyar nan goskolo a bayan tasha. Ɗan maƙwabciyata, wanda da hannuna na dama kunun sunansa, yana nan yana hira shi kaɗai a bakin kwata. Ina cikin wannan tunani Kaka Ladi ta faɗo mini a rai.

Kaka Ladi ita ta haifi babanmu. Da ƙuruciyarta wankin kuza ta yi a kududdufan wajen Rayfield, tun safe ƙafafunta cikin ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara. A can ta koyi ƙunsa garin taba da kanwa a baki, wai maganin sanyi ne da ciwon haƙori. Har ta tsufa battarta tana ɗaure a haɓar zaninta, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifin haka. Tsohuwa ce mai salla, mai azumin Litinin da Alhamis.

Da damina, in yayyafin Agusta ya kama Jos ya ƙi saki, muna idar da magariba sai mu tattaru a madafi. Inna tana kwashe tuwo, mu kuma muna tura dankali cikin toka, Kaka tana zaune kan buhu ta miƙa tafin ƙafarta wajen murhu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce, "Na ɗauko ta daga nesa, wa zai taya ni saukewa?" Mu kuma mu haɗa baki, "Sauke ta nan, Kaka, mun share wuri!"

A shekarar da nake ba da labari, yayana Sadiku, mai shekara goma sha shida, ya daina zama da mu. Yana koyon gyaran mota, ya fara dawowa yana tauna ɓawon lemo don kada a ji warin sigari a bakinsa. Baba ya zane shi sau biyu. Limamin unguwa ya yi masa nasiha har Sadiku ya yi kuka. Washegari ya koma.

Ranar nan ruwa ya hana shi fita, ya tsaya a bakin ƙofar madafi ya harɗe hannu.

"Angona," in ji Kaka, "shigo ka ji ɗumi mana. Ko ka sake ni ne ban sani ba?"

"Ni na gaji da auren tsohuwa," in ji shi. Amma ya shigo ya tsugunna.

Ta ce wai an yi wani manomi a kan duwatsun nan, sanyi ya dame shi. Wata safiya ya ga wani ɗan tsuntsu ja, bai kai babban yatsa ba, yana rawar ɗari a gindin dutse. Tsuntsun ya ce, "Bawan Allah, sa ni a aljihunka in ɗumama ka. Tsabar acca ɗaya ta ishe ni a yini." Manomi ya ce ai wannan araha ce. Ya sa shi a aljihu, nan take ɗumi ya ratsa shi har ƙashi, ya yi noman da bai taɓa yi ba. Kwana biyu tsuntsu ya ce a ƙara masa tsaba ɗaya. Bayan wata guda, tafi guda yake ci. Aljihu ya yi masa kaɗan, ya hau kafaɗa. Ya cinye rumbu, ya cinye irin shuka, ya cinye akuyar matar manomin. Ɗumin kuma ya tafi, sai dai in an hana shi abinci sanyin ya fi na da. Ranar da manomi ya ce, "Sauka, na gaji," sai tsuntsu ya yi dariya ya ce, "Duba kafaɗarka." Ashe faratansa sun nutse cikin nama, fata ta rufe su.

"Haka ya yi ta yawo da shi," in ji Kaka, tana kallon wuta, "mutane suna tambaya, shin wane ne mai wani? Shi ya sa, 'ya'yana, baƙon da ya ce aljihu ya ishe shi..."

"Kaka," in ji Sadiku, "naki baƙon ai a batta yake kwana."

Muciya ta kusa faɗuwa daga hannun Inna. "Kai, Sadiku! Uwar ubanka kake gaya wa haka?"

"Bar shi, Asabe," in ji Kaka.

Ina jin ruwa yana ɗiga daga indararo, dankalina yana ƙonewa ban iya ciro shi ba. Can Kaka ta kwance haɓar zaninta ta fito da battar, ta juya ta a tafin hannu.

"Shekara arba'in da wani abu," ta ce. "Ka yi gaskiya, angona. Ni ma ban san wane ne mai wani ba. To, fito da naka."

Ya yi musu, ya rantse, ta dai miƙa hannu ta ƙi janyewa. Daga ƙarshe ya zaro karan sigari biyu daga cikin safarsa. Ta haɗa da battar ta jefa a murhu. Hayaƙin da ya tashi ya kore mu duka waje cikin ruwa, muna atishawa muna tari, Inna tana cewa an lalata mata miya.

Mu yara mun ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe lokacin ta fara. Kaka, wadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ta koma faɗa da kaji. Ta ɗaure kai da kallabi tamau, ta tauna asuwaki har ya zama zare. Tatsuniya ta ɗauke ɗif. In mun ce, "Kaka, mun share wuri," sai ta ce mu share mu kwanta a kai. Sadiku kaɗai take bari ya matso. Yana dawowa daga gareji zai zauna yana matsa mata ƙafa, shi ma idonsa ja, yana shan rake kamar mai jin haushinsa.

A kwana na tara ƙawarta Mama Nvou, wadda suka yi wankin kuza tare, ta zo daga Kabong da kwandon kabeji. Suka shige ɗaki. Da yamma Kaka ta kira Sadiku a gabanmu.

"Angona, yau na ci amanarka. Na roƙi Nvou garin taba ɗan kaɗan, ta hana ni, na ce in ba ta ba ni ba kada ta zo jana'izata, sai ta ba ni."

Sadiku ya yi dariya har da hawaye. Sai dariyar ta tsaya, ya sunkuyar da kai. "Ni sau biyu na sha, Kaka. Oga ne ya aike ni in sayo masa."

Ba ta zage shi ba. Ta ce, "To, mun faɗi tare. Gobe kwana na ɗaya."

Sau uku suna komawa kwana na ɗaya. Kafin sanyin ƙarshen shekara ya shigo, Sadiku ya daina sayen lemo, Kaka kuma ta dawo mana da tatsuniya. Da ta sake ba da ta tsuntsun, ta canza mata ƙarshe. Ta ce duka ba ya sauke shi, yunwa ce ke sauke shi, kuma yana ihu sosai kafin faratan su saki, don haka dole manomi ya sami wanda zai zauna kusa da shi har ihun ya wuce. Yau Yaya Sadiku yana da garejinsa da 'ya'ya biyar, ko goro ba ya ci. Kaka kuwa, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Na yi shekaru ina ɗauka tatsuniyar ce ta shiryar da yayana. Sai ranar da na zauna da wandon ɗana a cinya na gane cewa Sadiku ya riga ya san sigari mugun abu ne, kamar yadda Mustafa ya sani, tun da ana gaya musu a makaranta da Islamiyya. Abin da bai taɓa gani ba shi ne babba ya karɓi gyara daga bakin yaro, ya sha wuyar da yake cewa yaron ya sha. Na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu, na roƙi Allah Ya riƙe mini harshena.

Da Mustafa ya dawo bayan la'asar, na aiki ƙannensa gidan Yaya Sadiku, na kira shi ɗaki. Na nuna masa abin da na tsinta. Ya daskare, yana kallon ƙofa. Na ce ya zauna, ba dukansa zan yi ba. Na ba shi labarin Kaka tun daga farko, yana ji yana murza yatsu.

Na ce, "Ni ba na shan komai, Mustafa, ba ni da abin jefawa a wuta. Amma ba na so ka shiga wannan wahala kai kaɗai. Faɗa mini abin da kake so in bari, ko mene ne, mu fara ƙirga kwana tare."

Na zaci zai ce goro, ko yawan sauraron rediyo. Ya daɗe yana kallon tabarma, hawaye suna taruwa a idonsa.

"Umma," ya ce, "ki daina ce mini shashasha a gaban ƙannena. Duk ranar da kika faɗa, ranar nake zuwa in saya."