Alisabatu, Mai Shekara Sha Bakwai Ba Yaji

Ƙarfe shida na safe Alisabatu Choji take karyawa a gidanta na unguwar Stapleton, can ƙasar waje, kuma karin nata abin tausayi ne: kunun gyaɗa salam da ruwan ɗumi. Ba yaji, ba turare, ko man shafawa mai ƙamshi ba ta taɓawa. 'Yar Jos fa, wadda ta tashi da attarugu a baki! Shekara sha bakwai tana wannan haƙuri, don harshe da hanci su ne kayan aikinta.

A rumbun Kwabena take aiki, wani ɗan Gana mai shigo da barasa daga Meziko. Ita ke ɗanɗana barasar da ake kira farar takila, wadda ba a ajiye a gangar katako ba, tas da ita kamar ruwa, ta faɗi darajarta. "Wadda ta daɗe a ganga tana iya ɓoye aibinta," in ji ta, "fara kuwa ba ta da wurin ɓuya." Takan kurɓa, ta juya a baki, ta tofar. Sai ta ɗiga kaɗan a tafi, ta murza, ta jira. In hannu ya bushe ƙamas, kaya sun yi. In ya yi danƙo, an zuba zaƙi don rufe ɓarna. Hancin kuwa, ta ce gadon mahaifiyarta ne, mai dafa burkutu.

Souley, direban rumbun, har yau yana ba da labarin wata safiya a 2015. Katan ɗari huɗu sun iso, wani babban otal na jira, sai ga tafin Alisabatu ya yi danƙo.

"Haba Anti, wa zai sani?" in ji Kwabena. "Lemun tsami za su matse a kai!"

"Ni na sani, Oga."

"To in ba za ki sa hannu ba, masu son aikin nan suna da yawa."

Tsoro ya kama ta, ita da kanta ta ce. 'Yarta na tsakiyar karatun jinya, kuma wannan aikin ne ke riƙe da gidan. Amma ta ajiye biro, ta miƙa masa hannu. "Shi ke nan. Mu gaisa, na tafi."

Suka gaisa. Da ya zo janyewa, tafinsa ya manne da nata. Bawan Allah ya tsaya yana kallon hannunsa, kunya ta rufe shi, can ya ce wa Souley a mayar da kayan cikin mota.

Alisabatu, ke ce wadda tsoro ya kama, amma bai sa kin yi ƙarya ba. Masu sha a garin nan ba su san sunanki ba, mu mun sani, kuma muna alfahari da ke. Mun gode, Anti Alisabatu, Allah ya ba da hutun ritaya mai daɗi. Kai mai awo, ke mai duba marasa lafiya, in an matsa muku ku ce abu ya yi alhali bai yi ba, ku tuna da wannan tafin hannun.

Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya. Kwabena da kansa ya shigo da tukunyar farfesun kan akuya, ja wur da attarugu. "Anti, mun daɗe muna riƙe da harshenki," ya ce. "Ga shi mun maido miki."

Cokali ɗaya ta sha, hawaye suka zubo, ta share da gefen gyale tana dariya. Ta miƙa kwano ta ce, "Oga, ƙaro."