Sharar da Almu Ya Yi wa Cha'ibu

Duk wanda ya zauna Matameye lokacin da gyaɗa ta fara tsada ya san Almu direba, in bai san fuskarsa ba to ya san tarin motarsa. Gajere ne, wuyansa kamar turmi, yana da salla, yana da kyauta, amma Allah Ya jarrabe shi da ciwo guda: ba ya ƙaunar ganin bayan motar wani. Ni a bakin tasha nake tuyar ƙosai, saboda haka shirmen direbobi a gabana ake yinsa, ba sai an ba ni labari ba.

Ubansa jakai yake kora, shi ma cikinsu ya tashi. Da ya tasa ya tafi Damagaram ya koyo tuƙi, ya dawo ya sayar da jakan gado kaf, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayo wata tsohuwar kamyo. Motar nan ta girme shi a wahala, amma tana tafiya. In an ɗora mata gyaɗa za ta kai, ko da kuwa sai da nishi. Mai hankali da ya gode wa Allah ya yi shiru.

Sai ran nan a hanyar Kurni wata sabuwar mota ta wuce shi, direbanta har da cire hula ya ɗaga masa. Almu ya iso tasha fuska a murtuke. Na miƙa masa ƙosai ya ce ya ƙoshi. Mutumin da in ya zauna sai na sake kwaɓa wani ƙullun.

A nan Cha'ibu ya shigo. Cha'ibu ɗan yayan mahaifiyar Almu ne, wato taubashinsa. Yana da shago a kasuwa, kananzir, sabulu, farin yadi, da duk wani tarkacen da ya tsinto a Kano. Bakinsa kuwa, in ya yabi tsumma sai ki ji kina son ki ɗaura shi ranar salla. Ya zo wa Almu da wani ƙarfe a naɗe cikin takarda mai maiƙo, an goge shi yana ƙyalli. Karbirato ne, abin nan da ke haɗa wa inji mai da iska. Ya ce daga motar soja aka ciro shi, in aka ɗaura wa kamyon Almu sai dai sauran direbobi su riƙa jin labarinta. Almu ya kwashe kuɗin da ya ajiye na man kaka ya zuba masa, ya ɗora masa da tsohon karbiraton a kai. Kafin mako ya zagayo Cha'ibu ya tura tsohon karbiraton zuwa Kano an sayar.

Ranar gwaji Almu ya cika mota da 'yan kasuwar Yauri. An juya hannun inji ta tashi da wata irin tusa, kajin tasha suka watse, man tuyata ya tashi baƙi. Suka fita gari cikin hayaƙi kamar an kunna wa juji wuta. Waɗanda suka je sun ce tana tafiya tana shaƙewa, tana harbi, tana shan mai kamar raƙumin da ya fito daga hamadar Tenere. Ba su yi nisa ba wani tsoho, abokin uban Almu, ya wuce su a kan jaki. Ya tsaya ya gaishe da Almu da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ce in akwai saƙo zuwa Yauri a ba shi. Makanike ya buɗe abin daga baya ya ce cikinsa duk ya cinye, an liƙe tsagar da dalma ne aka goge bayan.

Ga gyaɗa ta kusa shiga kasuwa. Alhaji Maman, mai sayen gyaɗar da ya yi wa Almu alkawarin dako, ya aiko ya ce yana jin abin da ake faɗa. In an buɗe saye motar ba ta warke ba, zai ba wani. Dakon nan kuwa shi ne abincin gidan Almu na shekara. Ba jakai, ba kuɗin sayen wani karbirato, sai abin da ke aljihun Cha'ibu.

Almu ya je shago ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Cha'ibu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai bawana, ƙarfen soja ne, bai saba da hannun mai korar jaki ba. Ka yi ta lallashinsa."

Almu ya koma, ya sake komawa. Yau a ce masa man da yake zubawa ne ba shi da kyau, gobe a ce motar ce ta tsufa, jibi a ce abin da aka riga aka ɗaura ai ya zama na mai mota. Kullum kuma da dariya ake sallamarsa, wani lokaci har da goro. Abin haushin, ba shi da damar yin fushi. Taubashi ko rigarka ya tuɓe maka a kasuwa, wasa ne.

Ya kai ƙara wajen mai unguwa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai, sai da ya ji sunan wanda ake ƙara ya janye ƙafarsa ya ce shi bai taɓa ganin inda aka yi wa taubasai shari'a ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Kafin Almu ya isa gida labari ya riga shi. Inna Shekara, mahaifiyarsa, ta tare shi a zaure ta wanke shi tas. Ɗan yayanta zai kai gaban hukuma saboda guntun ƙarfe? Ta ce maimakon wannan rashin kunya, ga watan cika-ciki ya kama, ya ɗauki tsintsiya ya je ya share ƙofar Cha'ibu kamar yadda aka gada, a ga zumunci bai mutu ba.

Ga wanda bai sani ba, haka muke yi. Ɗan mace, wanda a wasan taubasai shi ne bawa, yakan je ya share ƙofar ɗan namiji, ba ya dainawa sai an ba shi kuɗin shara ya ce ya yarda. Wanda ake wa sharar ba ya kora, ba ya ɓata rai, in ya yi kuwa ya sha kunya har jikokinsa. Habsatu matar Almu ta ce min tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya amsa wa uwarsa faɗa da murmushi ba sai ranar.

Da hantsi, kasuwa ta cika, Cha'ibu ya baje fararen yadinsa a kan igiya, sai ga kamyon Almu ana turo ta da baya. Direbobin tasha ne suka tura, ni ma na bar kaskona na bi su, ba zan ɓoye ba. Aka daidaita bututun hayaƙi da ƙofar shago. Almu ya ɗaura tsintsiya a jikin bututun don kada a ce bai zo da ita ba. Ya yi sallama da ladabi.

"Ranka ya daɗe, bawanka ya zo shara. Ƙofar babban mutum ce, na ga hannu ba zai isa ba, na zo da ƙarfen soja."

Aka juya hannu. Rannan kam karbiraton ya yi aikin da bai taɓa yi ba. Tusa ɗaya, ƙasar ƙofar ta tashi ta koma cikin shago. Hayaƙi ya bi bayanta. Cha'ibu yana tari yana dariyar dole, don jama'a sun kewaye suna kallon fuskarsa. Ya miƙo 'yan kuɗin da aka saba bayarwa. Almu ya leƙo ta taga ya ce har yanzu yana ganin datti. Ya taka mai. Farin yadin nan ya fara komawa kalar tokar murhu. Cha'ibu ya ƙara, Almu ya ce saura lungu. Har Inna Shekara aka kira, ta zo ta tsaya ta toshe hanci da gefen zane, ta duba ta ga tsintsiya na nan a ɗaure, ta ce ita ba ta ga laifi ba, yaro zumunci yake yi.

Da hayaƙi ya doshi turmin yadin da ke can ciki, wanda ko warware shi ba a yi ba, Cha'ibu ya shiga da rarrafe ya fito da jakar kuɗi. Ya ƙirga wa Almu abin da ya karɓa, bai rage ko tamma ba. Almu ya kashe mota, ya sauko ya kwance tsintsiyar, ya yi wa ƙofar shara ta gaskiya, sannan ya kwance ƙarfen sojan ya ajiye masa a kan teburi.

Ya tafi Damagaram a motar wani ya sayo karbirato irin na kowa. Aka buɗe saye yana cikin layi, ya yi wa Alhaji Maman dako har ƙarshen kaka. Har yau motoci suna wuce shi a hanyar Kurni, har yau yana jin zafi, sai dai yanzu yana cin ƙosansa.

Cha'ibu kuwa in kin tambaye shi zai rantse miki shi bai taɓa mayar wa kowa kuɗin ciniki ba, shara ya bayar, kuma duk Matameye ba wanda ya taɓa ba taubashinsa irin wannan shara. Ƙarfen yana nan a shagonsa, ya sake goge shi. Na ji yana tambayar lafiyar wani taubashinsa na Icirnawa da ya sayi mota bana.