Tsibirin da Ya Riƙe Mini 'Ya

'Yata ta fari ce, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu a Kano, kuma zaman New York bai kankare mini wannan kunyar ba. "Ke" nake ce mata, in kuma ina zancenta da babanta sai in ce "yarinyar nan". Ta yi karatun nas a nan Bronx, ta tafi Glasgow ta ƙara da na ungozoma. Muna ta shirin dawowarta sai ta bugo waya ta ce ta samu aiki a wani ɗan tsibiri can arewacin Scotland. Shekara ɗaya kawai za ta yi, in ji ta. Babanta ya tambaya ko akwai masallaci, ta ce babu. Ni dai na ce Allah ya ba da sa'a, na miƙa masa wayar, na shiga kicin na sake wanke tukunyar da na riga na wanke.

Wayarmu da ita ba ta tsawo. Ina wuni, lafiya lau, ya aiki, da godiya, ya sanyi, da sauƙi. Daga nan sai mu yi shiru, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, har ɗayanmu ya ce to sai an jima. Tambayoyin da ke cina ba sa fitowa: me take ci, da wa take hira, in zazzaɓi ya kama ta wa zai leƙa ta. Da zarar na ajiye wayar sai in kasa zama, in gyara labule, in buɗe firji in rufe.

Aikina a lokacin kula da tsofaffi ne a gidajensu. Kullum da safe ina shiga bas daga University Heights zuwa gidan wani dattijo da ƙafa ta daina ɗaukarsa. A cikin bas ɗin ne wata rana na rubuta sunan tsibirin a wayata, don dai in ga inda yake. Sai ga shafin jaridar garin. 'Yar ƙaramar jarida ce mai fitowa mako-mako, amma suna ƙara labarai a shafin kusan kullum. Labarin farko da na karanta na wani rago ne da ya tsinke ya shiga filin makaranta, aka rasa mai kama shi sai mai dafa wa yara abinci. Na yi dariya ni kaɗai har matar da ke gefena ta matsa.

Tun daga ranar na kamu. In dattijon ya yi barcin rana sai in zauna kusa da taga in buɗe shafin. Na gane cewa rayuwar mutanen nan gaba ɗaya a kan jirgin fito take rataye: shi ke kawo burodi da magani da wasiƙu, in iska ta yi ƙarfi bai tashi ba, to ranar kowa ya haƙura. Na san matan da ke saƙa rigunan sanyi suna sayarwa don taimaka wa kwale-kwalen ceto. Na san rigimar da ake yi a kan fitilun bakin hanya, wasu na so a ƙara, wasu na cewa za su hana su ganin taurari. Ina karanta ta'aziyyar mutanen da ban taɓa gani ba, in tsinci kaina ina cewa Allah sarki. Amma abin da na fi nema shi ne sanarwar haihuwa. Duk jaririn da aka buga hotonsa, nakan ƙura masa ido in ce a raina, hannunta ne ya fara taɓa wannan.

Abin ya fara shiga mini hanci. Kafin in leƙa taga in ga yadda garinmu ya waye, na riga na duba iskar tsibirin. Sau da yawa bas na wuce inda zan sauka ina can ina karatu, sai in dawo da ƙafa ina haki. Maigidana, wanda ke da teburin jakunkuna da tabarau a Canal Street, ya mayar da abin tsokana. In ya shigo da yamma kafin ya cire takalmi sai ya ce, "To Hajiya, yau jirgin naku ya tashi?"

Maƙwabciyata kuwa, wata Hajiya 'yar Kumasi da muke hawa ɗaya, ba ta ɗauke shi wasa ba. Hausarta ta Zango ce, ba ta raba mace da namiji. Mun haɗu a wajen injin wanki ina ba ta labarin fitilun hanya, ta tsaya da zanen gado a hannu ta ce, "Yaron naki dai yana lafiya, ko? To ki bar shi ya yi aikinsa. Kin san wanda ya mutu a garin Turawa, ba ki san an kwantar da matar hawa na biyu a asibiti ba." Gaskiya ta faɗa, ban sani ba. Na je na gaishe da matar washegari, amma ko a ɗakin jira sai da na ciro wayar.

A lokacin ne maganar kanti ta taso. Kanti ɗaya ne tak a ɓangaren tsibirin da yarinyar nan take, kuma mai shi ya tsufa, ya ce zai rufe, 'ya'yansa duk sun tafi birni. Aka yi ta taro a zauren gari. Wasu suka ce jama'a su haɗu su karɓi kantin ya zama na kowa, wasu suka ce ba zai ɗore ba. Akwai wani mutum da ba ya fashin rubuto ƙorafi, kullum cewa yake wahalar banza ce. Na tsani mutumin nan kamar ya taɓa zagina. Nakan yi masa raddi a zuci ina yanka albasa. In aka rufe kantin, ina za ta sayi madara in ta taso daga aiki? Duk wannan ban taɓa ce mata na sani ba. Ita ma ba ta taɓa ambatar kanti a waya ba.

Cikin hunturun da ya kamata ya zama na ƙarshe gare ta a can, aka yi wata guguwa. Labari na ƙarshe da shafin ya saka ya ce an dakatar da jirgin fito, turakun lantarki sun faɗi, kowa ya zauna a gida. Daga nan shafin ya tsaya cak. Na kira yarinyar nan, wayar ba ta shiga. Na sake kira, wata murya ta ce in gwada an jima. Kwana ya bi kwana ina buɗe shafin ina ganin labarin nan guda.

A makon ne ake suna a gidan benenmu, aka ba ni suyar waina. Na ƙona tanda ta farko, na ƙona ta biyu, Hajiyar Kumasi ta karɓe cokalin daga hannuna. Ɗakin ya cika da mata da turare da kukan yara, ana ta guɗa, ni kuwa ji nake kamar bangon na matso ni. Na ɗauki mayafi da rigar sanyi na sulale. Ban san inda zan je ba. Na shiga jirgin ƙasa na sauka a Harlem, na sayi daddawa da kuka alhali ina da su a gida, na tsaya bakin wani masallaci na kasa shiga, na sake komawa tasha. Ƙarshe dai na tsinci kaina a Canal Street, wurin da rabona da shi an daɗe.

Daga nesa na hango maigidana zaune a kan kujerar roba, ya juya wa teburin baya, wasu 'yan yawon buɗe ido na ta jujjuya jakunkuna bai kula su ba. Kansa na sunkuye. Na zo ta bayansa na leƙa. Shafin jaridar ne a wayarsa, labarin nan dai na turakun lantarki, yana jan shi ƙasa da yatsa yana sakewa.

"Malam," na ce.

Ya zabura, ya kifa wayar a cinya. Ya dube ni, ya dubi ledar daddawar. "Me ya fito da ke cikin sanyin nan?"

"Tun yaushe kake karantawa?"

Ya mayar da wayar aljihu. "Ai mutumin nan mai ƙorafin kanti ba shi da kirki," ya ce.

Ya ba ni kujerar, shi ya tsaya. Muka wuni a wurin ba wata hira, ina miƙa wa masu saye leda, shi yana ciniki da rabin hankali, har ya tattara kaya.

Washegari da hantsi ta kira. Lafiyarta ƙalau, wuta ta dawo, tana sauri za ta duba wata mai ciki. Na ce alhamdu lillahi, ya sanyi, ta ce da sauƙi. Ko minti biyu ba mu yi ba.

Da rana shafin ya farfaɗo da hotuna. Ashe da wuta ta ɗauke an kwashe tsofaffi da masu jarirai an kai zauren gari, aka kunna rishon gas, kowa ya kawo abin da ke firjinsa kafin ya lalace. A hoto na uku na gan ta. Tana tsaye bayan wata ƙatuwar tukunya da ludayi a hannu, ɗankwalinta ya zame baya, wata tsohuwa ta riƙe mata gwiwar hannu, ita kuwa ta wage baki tana dariya, irin dariyar da rabona da in gani tun tana ƙarama. Na daɗe ina kallo. Sai na gangara ƙasa na ga wani labarin da guguwa ta hana a buga: jama'a sun amince su karɓi kantin, an zaɓi kwamitin da zai riƙe shi na shekara uku. Sunanta na cikin waɗanda aka zaɓa.

Dattijon ya farka yana kirana, na ba shi ruwa, na gyara masa matashi. Ban jira na koma gida ba. Na fita baranda na kira ta.

"Na ga an saka ki a kwamitin kanti."

Ta ce, "Umma, a ina kika gani?"

"A jaridarku."

"Jaridarmu kike karantawa? Tun yaushe?"

"Tun da kika je."

Na ji ta ja numfashi. Ta fara da Turanci, ta dawo Hausa. "Me ya sa ba ki taɓa tambayata ba? Da na faɗa miki komai."

"Ke me ya sa ba ki faɗa ba? Shekara ɗaya kika ce."

"Na rasa ta inda zan fara." Ina jin iska na kaɗawa ta wajenta. "Umma, a nan in na fito hanya kowa ya san ni. Yara na kiran sunana daga ƙetaren titi. In ban kunna fitila da wuri ba maƙwabciyata sai ta ƙwanƙwasa. Ina son wurin nan."

Na so in yi faɗa, na nemi faɗan na rasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wace ce tsohuwar da ta riƙe miki hannu?" Ta yi dariya da muryar kuka, ta ce ita ce maƙwabciyar, ita ta koya mata gasa burodi, kuma a azumin da ya wuce, da rana ba ta faɗuwa sai dare ya yi nisa, ita ke ajiye mata miya a bakin ƙofa. Na tambayi mutumin mai ƙorafi. Ta ce ai shi ya ɗauko rishon a motarsa cikin guguwar, bakinsa ne kawai. Ban ji daɗin jin haka ba. Ranar muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba, har dattijon ya buga sandarsa a ƙasa.

Ba ta dawo ba. Ta zo mana babbar sallah, da kyafaffen kifi cike da jaka da rigar saƙa ta babanta, wadda ya saka ya tafi da ita masallaci cikin zafi yana gumi. Kwanakin farko lafiya lau, ta ci tuwo har ta kasa tashi. Daga nan na lura ba ta zama wuri ɗaya. Jiniyar motoci na firgita ta. Takan tsaya a taga tana neman sama tsakanin benaye, ta ce ita a nan ba ta gane ko za a yi ruwa. Akwai wata mai ciki a tsibirin da watanta ya kama, yarinyar nan tana ta aika saƙo tana tambayar lafiyarta. Ƙarshe ta matso da ranar tafiyarta. Ban hana ta ba, don na san yadda abin yake ci.

Ni na raka ta filin jirgi. A cikin jirgin ƙasa ta ɗora kanta a kafaɗata, abin da ba ta saba ba, na bar ta duk da mutane na kallo. Ta ce in zo da bazara, akwai ɗaki. Na ce sai mun gani, dattijon nan ba ya yarda da kowa sai ni.

Da na dawo gida na tarar da ƙofarmu a buɗe, ƙamshin kifi ya cika hawan gaba ɗaya. Hajiyar Kumasi ce a kicin ɗina, ta ce maigidana ya ba ta izini, tana gwada kifin a miyar kuɓewa ta ga ko zai yi. Ta ɗanɗana, ta ɓata fuska, ta ce gishirinsa ya yi yawa, in miƙo mata ruwa. Na ajiye jakata na miƙa mata.